Farantin da Inna Ta Ce Ba Nata Ba Ne

Shekarata hamsin da uku. Ina da 'ya'ya huɗu, da tumbi daidai gwargwado, da kabad uku na gilashi cike da farantan da ba a taɓa zuba musu abinci ba tun da suka shigo gidana. Sa'o'ina wasu kiwon tattabaru suke yi, wasu kallon ƙwallo, wasu kuma hawan jini kawai suka riƙe suka bar wa duniya sauran. Ni tsoffin tangaran nake tarawa, irin waɗanda masana'antar da ta yi su ta daɗe da rufe ƙofa. A ofis aikina ajiyar takardu ne, shekara ashirin da shida ina jera fayil ɗin da ba wanda zai sake nema. Don haka ba wanda ya yi mamaki da na fara dawowa gida ina ci gaba da jera abubuwa. Matata dai ta ce gara wannan da wasu abubuwan, amma ta faɗe shi da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Abin da na fi ƙauna a tarin nawa shi ne wani saiti da mu masu wannan cuta muke kira Mai Tsattsewa. Fari ne mai ɗan launin madara, da tsattsewa shuɗɗa guda bakwai suna bin juna a bakin faranti. Sau biyu masana'antar ta fitar da shi. Zubin farko an gasa shi a tsohon tanderu, inda ake ɗora kowane faranti a kan 'yan ƙafafu uku, shi ya sa in ka kifa shi za ka tarar da ɗigo uku a gindinsa, ƙanana kamar kan allura. Daga baya suka sauya tanderu suka yi zubi na biyu, zane ɗaya, girma ɗaya, sai dai gindin sumul yake, kuma bai kai na farko nauyi ba. Daga sama ido ba ya raba su. Mutum mai hankali ba ruwansa da ɗigo uku a gindin faranti. Ni kuwa na yi shekara goma sha ɗaya ina bin su lungu-lungu, ina durƙusawa a rumfunan masu gwanjo ina kifa kwanukan mutanen da suka mutu.

Na haɗa komai na zubin farko: manyan farantai shida, ƙanana shida, kwanonin miya, kofuna da 'yan farantansu, har butar shayi da murfinta. Abu ɗaya ya gagare ni, dogon faranti mai siffar ƙwai da ake sawa a tsakiyar tebur. Wanda nake da shi na zubi na biyu ne, wani mai gwanjo ya samo mini, yana zaune a tsakiyar kabad kamar wanda ya zo taro da rigar aro. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ni kaɗai na san gindinsa.

Dogon faranti na zubin farko guda ɗaya na sani a duniya, kuma mahaifiyata ce take cin abinci a cikinsa.

Inna ta haura tamanin. Idonta ya tafi shekara shida da suka wuce, amma ta ƙi barin gidan da Baba ya bar ta a ciki. Ta san taku nawa ne daga gadonta zuwa kicin, ta san makunnin da sai an danna shi sau biyu, tana raba gwangwanin gishiri da na sukari da jin ƙarar murfi. Ƙanwata Auta ma'aikaciyar jinya ce, layi biyu ne tsakanin gidanta da na Inna, tana leƙowa safe da yamma. Ta daɗe tana so Inna ta koma wurinta, har ɗaki ta gyara mata. Amsar Inna ba ta canjawa: "A nan na san inda komai yake. In kin kai ni gidanki, ranar ce zan makance."

Farantin shi kaɗai ya rage daga saitin da ta shigo gidan da shi tun kafin a haife ni. Sauran mu muka fasa su, kuma in za a yi adalci, yawancinsu ni ne. Na taɓa roƙonta sau ɗaya. Ta ce, "In na mutu ka ɗauka, in Auta ba ta riga ka ba." Muka yi dariya, ita da gaske, ni da haƙora kawai.

Abin da ya ɓata ni wata Asabar ce da na tsaya a ƙofar kicin ina kallonta tana wanke shi. Ta ɗago shi za ta ɗauraye, bakinsa ya bugi kan famfo, ƙwal. Bai fashe ba, amma ni na ji bugun har cikin haƙarƙarina. A hanyar komawa gida na zauna da kaina na yi shari'a, ni ne mai ƙara, ni ne lauya, ni ne alƙali, kuma ba a taɓa yin shari'ar da ta tafi lami lafiya kamar wannan ba. Farantin yana cikin haɗari. Inna ba ta gani. Wanda zan ajiye mata iri ɗaya ne, har ma ya fi nata ƙyalli. Wannan ba sata ba ce, ceto ne. Kotu ta tashi.

Asabar ta gaba na zo da nawa a jakar ofis, naɗe da tawul. Inna tana kishingiɗe a falo tana jin rediyo bayan abincin rana. Na ce zan sha ruwa. Na shiga kicin, na zare nata daga wurin kife kwanuka, na sa nawa. Abin bai ɗauki minti ɗaya ba. Har na tsaya na sha ruwan, don kada a ce na yi ƙarya.

Washegari da rana Auta ta kira ni. "Yaya, in ba ka yi nisa ba ka biyo ta gidan Inna."

Na tarar da su a teburin cin abinci. Inna tana zaune, hannuwanta biyu a cinya, abinci yana hucewa a gabanta a cikin dogon farantin. Auta tana tsaye, ko kayan aiki ba ta cire ba. Maƙwabciyar Inna, Maman Tagwaye, tana jingine da ƙofa. Irin matan nan ce da ba sa jiran gayyata, labari ne yake kiran su da kansa.

"Yauwa, ga masani ya iso," in ji Auta. "Inna ce ta ce wai wannan ba farantinta ba ne."

"Ba wai ba," Inna ta ce. "Ba shi ba ne."

"Haba Inna, ga tsuntsayenki nan guda bakwai, ina ganin su da idona."

"Ni ba da ido nake cin abinci ba. Wannan ba shi da nauyi. Kuma gindinsa ba haka yake ba."

Maman Tagwaye ta tuntsure da dariya. "Inna, wa zai shigo gida ya bar talabijin ya saci faranti, har ya ajiye miki wani irinsa? Ai wannan ɓarawon mai tarbiyya ne."

Ni ma na yi dariya. Har yau ina tuna sautinta.

Auta ta juye abincin a wani kwano, ta goge farantin ta miƙo mini. "Don Allah Yaya duba ka faɗa mata. Kai za ta yarda da kai, tunda a kan waɗannan abubuwan ka ƙare."

Na karɓa. Na ɗaga shi wajen haske, na juya shi, na kifa shi, na ƙwanƙwasa shi da farce na kai kunne, duk wani abin da nake yi a gaban masu gwanjo don su san ba da baƙo suke magana ba. Inna ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina, tana jira. Ba ta yi kama da mai zargi ba. Kama ta yi da wadda mai ba ta shaida ya iso.

"Naki ne, Inna," na ce.

"Ka duba da kyau, Babba."

"Na duba. Shi ne."

Ta miƙo hannu na ɗora mata shi, ta zagaya gindinsa da yatsa sau ɗaya, ta sake zagayawa a hankali. Sannan ta ajiye.

"To," ta ce. "Tunda kai ka faɗa."

Aka mayar mata da abincin, ta ci kusan rabi.

Na ɗauka shi ke nan. Na ba ta kwana biyu ta saba, uku in abin ya yi yawa. A gida na wanke farantin da ruwan ɗumi da burushi mai laushi, na ɗora shi a kan 'yar ƙafar katako a tsakiyar kabad, na jawo kujera na zauna ina kallon saitin da ya cika bayan shekara goma sha ɗaya. Na jira in ji abin da ake ji. Abin da na ji bai wuce abin da mutum yake ji in ya ci abinci a tsaye da sauri ba. Kuma ba wanda zan iya nuna wa. Masu irin cutata tambayar farko da suke yi ita ce, "A ina ka samo?" Da mai gwanjon nan ya kira ni ya ce yana nan yana ci gaba da nema mini, sai na ji kaina ina cewa ya ƙara ƙoƙari.

Inna ba ta sake maganar faranti ba. Wasu abubuwan ne suka fara. Wata rana na je na tarar da ita tsaye a tsakiyar falo, hannunta a miƙe, ba ta motsi. Na ce lafiya? Ta ce kicin za ta je, amma tana so ta tabbata ta nan ne. Hanyar da ta yi shekara hamsin da wani abu tana bi. Ta fara ɗaukar gwangwani ta ce, "Auta, wannan gishiri ne?" alhali shi ɗin ta ɗauka. Ta daina kunna risho da kanta. Magungunanta da take warewa da girman ƙwaya, ta tattara su ta miƙa wa Auta ta ce ta riƙa ba ta.

"Ban yarda da hannuna ba yanzu," ta ce. Macen da hannun nan shi ne idonta.

Auta ta yanke za a kai ta wurin likita, ta ce in zo in tuƙa su. Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya tambaye ta yau wace rana ce, ta faɗa. Ya ba ta kalmomi uku ta riƙe, can da ya nema ta mayar masa da su a jere. Ya ce ta lissafo 'ya'yanta da jikokinta, ta lissafo har da halin kowa. Da ta zo kaina ta ce, "Wannan akwai son abin duniya, amma ba mugu ba ne." Likita ya yi murmushi ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba. Sai Auta ta ba shi labarin farantin. Ya daina rubutu ya ɗago.

"Abin da ta saba da shi shekara da shekaru, ta ce an canja mata shi?"

"Haka ta ce. Kuma ga yayana nan, shi masanin irin kayan ne, ya duba ya tabbatar shi ne."

Likita ya kalle ni. Na gyaɗa kai. Gyaɗa kai ba magana ba ce, haka na gaya wa kaina, amma na ga ya rubuta.

Ya yi ƙasa da murya, kamar rashin gani yana hana ji, ya ce wani lokaci irin wannan ita ce alamar farko, mutum ya riƙa jin an musanya masa kayansa. Ya ce a sa ido, kuma zamanta ita kaɗai ba shi ne mafi alheri ba. Inna tana zaune tsakaninmu da jakarta a cinya, tana jin komai, har muka tashi muka shiga mota. Can muna tsaye a danja sai ta ce, "Auta, ɗakin nan da kika gyara, tagar tana ta wane gefe?"

Auta ta share ido da bayan hannu ta ce ta hagun gado. Aka tsayar da ƙarshen wata. Ni kuwa na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon danja kamar ni aka ba aikin gadinta.

Matata ba ta shiga ɗakin kabad sai za ta yi shara, amma ba abin da yake wuce ta. Wata safiya ina ɗaura agogo ta tsaya a bayana da tsintsiya.

"Sarkin Tangaran, dogon farantin nan naka ya tsufa cikin sati biyu. Da yana ƙyalli, yanzu duk kartar cokali ce a cikinsa."

Na ce haske ne.

"Haske." Ta jingina tsintsiyar da bango. "Shekara ashirin da biyar ina shiga kicin ɗin Inna. Na san farantin da na wanke da hannuna. Ni ba zan faɗa wa Auta ba, don ba ni na ɗauko ba. Amma ka san abin da kake yi wa tsohuwar nan kuwa?"

Na ce zan gyara.

Kuma na gyara, irin gyaran matsorata. A tunanina in farantin ya koma wurinsa hannun Inna zai gane shi, hankalinta ya kwanta, komai ya koma yadda yake ba tare da kowa ya buɗe baki ba, musamman ni. Har na ji kaina ya ɗan yi girma: ga mutum zai sadaukar da shekara goma sha ɗaya saboda mahaifiyarsa. Ranar Laraba na tashi daga ofis da wuri, na sake jin ƙishirwa a gidan Inna, na sake shiga kicin da jaka.

Ina nan zaune da yamma Auta ta zo ta zuba mata abinci. Inna ta kai hannu, ta ɗaga farantin kaɗan, ta tsaya. Yatsanta ya shiga ƙarƙashi. Na ga fuskarta ta buɗe kamar an ɗage labule.

"Ya dawo," ta ce. "Auta, ga shi ya dawo! Wannan ne nawa. Taɓa nan ki ji, ga ƙurajensa uku. Ban ce miki ba? Ban ce muku wancan ba shi ba ne?"

Na juya wajen Auta ina murmushi, ina jiran in ga ta saki rai. Auta ba ta taɓa komai ba. Tana kallon Inna, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, da muryar da take yi wa marasa lafiya a asibiti, "Eh Inna, ya dawo. Ci abincinki."

Ta ja ni waje bakin mota.

"Ka gani ko, Yaya? Faranti ɗaya fa. Jiya ba nata ba ne, yau ya dawo. Gobe wa ya sani, ko ni za ta ce an canja mata. Ba zan jira ƙarshen wata ba. Asabar zan kawo mota a kwashe kayan."

Wannan ne abin da ban hango ba: Auta ba ta taɓa sanin farantin biyu ba ne. Da hannuna na ƙara mata hujja ta biyu. Na tsaya riƙe da jaka, farantin zubi na biyun yana ciki yana dukan ƙafata, na ce, "Kada ki yi gaggawa."

"Kai kullum kada a yi gaggawa," ta ce, "don ba kai ne kake zuwa da safe kana fargabar abin da za ka tarar ba."

Ina da amsa, tana cikin jakar. Ban buɗe ba.

Inna ta ji irin muryar da aka yi mata. Da na koma ciki na tarar ta ture farantin gefe, murnar ta tafi.

"Babba," ta ce, "ka gaya mini gaskiya. Wannan shi ne na jiya?"

"Ki ci abinci, Inna."

Abin da na iya ke nan, da furfurata da komai.

Ranar Asabar da hantsi na tarar da motar kaya a ƙofar gida, har an fitar da katifa an jingina ta da bango. Kwalaye sun cika falo, Auta tana rubutu a kansu da baƙin alƙalami. Maman Tagwaye tana taya naɗe kofuna da tsoffin jaridu, tana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Inna tana kan kujera ɗayar da ta rage a tsakiyar ɗaki, ta sa takalmi, tana jin ana ɗauke gidanta yanki-yanki. Duk abin da aka ɗaga sai ta juya kai wajen ƙarar.

Na yi kwana uku ina shirya jawabi. Yana da gabatarwa, da bayani a kan tanderu, da wani sashe na musamman a kan famfo da haɗarin da ke tattare da shi. Da na tsaya a gabansu duk ya gudu. Na ce Auta ta miƙo mini dogon farantin daga kwali. Na buɗe jaka na fito da ɗayan. Na ajiye su gefe da gefe a kan tebur.

Maman Tagwaye ce ta fara samun baki. "Ikon Allah! Shi ma tagwaye ne?"

"Biyu ne," na ce. "Ni na ɗauke na Inna na ajiye mata nawa. Ran Laraba na mayar. Duk abin da ta faɗa daidai ne, tun ranar farko."

Auta ta kalli farantan, ta kalle ni. Ta ɗauki ɗaya ta kifa ta shafa, ta ɗauki ɗayan ta kifa ta shafa.

"A gaban likita," ta ce. "Kana zaune. Ina kuka a mota kana tuƙi."

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Sati uku ina yi wa uwata magana kamar yarinya. Na riƙe mata magani, na ɓoye mata ashana. Saboda me? Saboda faranti? Yaya, kai fa babba ne!"

Ba ta jefe ni da shi ba, amma na ga ta auna. Abin kunya, tunanin da ya fara zuwa mini shi ne wanne ne a hannunta.

"Ku kawo su nan," in ji Inna.

Aka ɗora mata su a cinya. Ko juya su ba ta yi ba. Ta ɗaga na farko, ta ɗaga na biyu, ta miƙa wa Auta ɗaya. "Wannan nawa." Ɗayan ta miƙo shi wajen da nake. "Ungo kayanka."

Na durƙusa na fara ba da haƙuri. Ta bar ni na yi ta yi har na fara maimaita kaina.

"Da ɗauka ka yi ka tafi kawai, da na ce kwaɗayi ne, tun kana ƙarami haka kake," ta ce. "Sau biyu na tambaye ka, Babba. Na ce ka duba da kyau. Ina kwana ina tashi da tunanin abin da zan manta gaba, ko sunayenku, ko hanyar banɗaki. Kullum da safe sai na bi sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, in ga ko akwai wanda ya ɓace."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na fi samun sauƙi.

"Tashi, ƙasa ba ta yi maka komai ba. Ita wannan ta ji da kunnenta," ta nuna daidai inda Maman Tagwaye take, "kafin yamma duk layin nan zai ji, wannan ba sai na sa ka ba. Amma likitan nan ya rubuta ni a takarda. Za ka kai masa farantan nan biyu, ka gaya masa abin da ka gaya mana, ya goge. Nawa Auta ce za ta riƙe." Ta sunkuya ta fara cire takalmi. "A mayar mini da katifata."

Masu motar suka shigo da katifar suna gunaguni. Kofunan da aka naɗe ni aka bar wa warwarewa, Inna tana zaune tana gaya mini inda kowanne yake zama, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Ran Litinin muka je asibiti ni da Auta, kowa da faranti a cinya a layin jira. Wata mata da ke gefena ta tambaye ni ko sayarwa muke yi. Likita ya saurare ni har ƙarshe. Ya kifa farantan ya shafa gindinsu da babban yatsa, ya ce shi kansa da ƙyar ya ji bambancin. Ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya yi wani rubutun a ƙasa. Sannan ya cire tabarau ya tambaye ni ko ina samun barci sosai, ko akwai abin da yake damuna a gida. Na ce lafiya lau. Ya rubuta wannan ma.

Inna tana gidanta. Ta karɓi maganinta da ashanarta. Auta ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata, yanzu tana ɗagawa, sai dai "Ina ji" take cewa a maimakon gaisuwa.

Amma ba duka ne ya dawo ba. Har yanzu Inna takan tsaya a tsakiyar falo na ɗan lokaci kafin ta nufi kicin, abin da ba ta yi a da. Satin da ya wuce ina zaune kusa da ita, gwiwata tana taɓa kujerarta, ta ɗauki kofin shayinta ta juya shi a hannu, ta sake juyawa. Na buɗe baki zan ce nata ne, don nata ne ɗin. Sai ta ɗaga murya ta wuce ta kaina zuwa kicin.

"Auta! Zo ki duba mini wannan."